Motarka na jin santsin hanya kafin ka ji, kada a rufe mata baki

Duk wanda ya saba shiga motocin da ake saukewa a Kwatano, Lome, Tema ko Duwala ya san wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa da ke gaban direba, an rubuta ABS a tsakiyarta. A wasu motocin takan kama da zarar an murɗa makulli, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu. A wasu kuwa tana nan kunne dare da rana, har direba ya daina ganinta. In fasinja ya tambaya, amsar ɗaya ce: "Ai ba komai, birki na ci." Wani ma tuni ya sa mai wayarin ya cire ƙwan, ko ya manna baƙin salatif a kai, don kada ta karya wa motar daraja ranar sayarwa.

Gaskiya ne birki na ci. Sai dai abin da fitilar ke faɗa shi ne, gaɓar da mota ke jin hanya da ita ta daina aiki. A lokacin rani, a kan busasshiyar kwalta, kana iya shekara ba ka ga bambanci ba. Ranar da ruwan farko ya sauka, kana tsakiyar gangara da lodin albasa ko da iyalinka a baya, ranar ce za a nemi aikinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa rai a haɗarin hanya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a, wato kusan mutum 19 cikin kowane dubu ɗari. Mu da abincinmu ke kan hanya, daga Tema zuwa Paga, daga Lome zuwa Wagadugu, daga Duwala zuwa Njamena, wannan lissafi namu ne.

Tafin hannu huɗu

Ƙaramar mota, komai tsadarta, wuri huɗu kawai take taɓa ƙasa, kuma kowane wuri bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. Tuƙi, birki da shan kwana duk a nan suke ƙarewa. Ƙarfin da taya ke kama ƙasa da shi, injiniyoyi sun ba shi lamba. Busasshiyar kwalta mai kyau tana ba da wajen 0.8. In ta jiƙe, lambar takan sauka zuwa tsakanin 0.4 da 0.6. Taɓo mai sulɓi da dusar ƙanƙara suna wajen 0.2 zuwa 0.3, daskararriyar ƙanƙara kuwa 0.1.

Ga abin da lambobin nan ke nufi a kan titi. Ƙaramar mota mai gudun kilomita 80 a awa, in riƙon ƙasa 0.8 ne, tana buƙatar kusan mita 31 kafin ta tsaya cak daga lokacin da birki ya kama. In riƙon ya koma 0.4, sai ta ci mita 63. In ya koma 0.2, mita 126, wato ta wuce tsawon filin ƙwallo. Ba a ma sa lokacin da direba ke ɗauka kafin ya ga abu ya ɗaga ƙafa ya taka ba, wanda a wannan gudun kowace daƙiƙa ɗaya mita 22 ce.

Mota ɗaya ce, direba ɗaya, birki ɗaya, ƙasar ce kawai ta canja. Kuma gudu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nisan tsayawa: in ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. Shi ya sa wanda ke son ya tsaya a kan jiƙaƙƙiyar hanya mai riƙon 0.4 a daidai tazarar da yake tsayawa da gudun 80 lokacin rani, dole ya sauko wajen 55.

Matsalar ita ce ido ba ya auna wannan lamba. Kwalta biyu na iya yin kama ɗaya, ɗaya tana riƙe taya, ɗaya kamar an zuba mata miyar kuɓewa. Wannan ne ya sa masu ƙera motoci suka shafe shekaru suna neman yadda mota za ta gane da kanta.

Yadda mota ke jin ƙasa

Sensar da ta fi kowace muhimmanci a wannan aiki ƙarama ce, ba ta wuce ɗan yatsa ba, tana maƙale a bayan kowace ƙafar mota. A gabanta akwai wani zobe mai haƙora, ko zoben maganaɗisu da ke jikin bayarin, yana juyawa tare da taya. Sensar na ƙirga wucewar haƙoran tana aika wa kwamfutar birki, wadda kanikawa ke haɗawa da sauran su kira birenbos. Da haka kwamfutar ta san gudun kowace taya ita kaɗai, a kowane lokaci.

In ka taka birki da ƙarfi a wuri mai santsi, taya ɗaya ko biyu za su nemi tsayawa cak alhali motar na tafiya. Tayar da ta ƙame ba ta jin sitiyari, jan ƙasa kawai take yi, duk inda ka murɗa motar gaba za ta miƙe. Taya ta fi kama ƙasa ne lokacin da take ɗan zamewa kaɗan amma tana ci gaba da juyawa. To da kwamfutar ta ga wata taya na shirin ƙamewa, sai ta sassauta mata birki, ta sake matsewa, ta sake saki, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, abin da ƙafar ɗan Adam ba za ta iya ba. Wannan shi ne ABS. Karkarwar da kake ji a ƙarƙashin ƙafarka da gurnanin da ke fitowa daga gaban mota alamar yana aiki ne. Kada ka ɗaga ƙafa, ka ci gaba da dannewa kana kaucewa da sitiyari.

Dabarar daga jiragen sama ta faro, don kada tayarsu ta ƙame wajen sauka. A 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka sa irin na lantarki a motar Marsandi S-Class. A 1995 suka ƙara wani mataki da ake kira ESP, wanda Toyota ke kira VSC, Honda VSA, Nissan VDC. Shi wannan ya ƙara sensa biyu: ɗaya na auna inda ka murɗa sitiyari, ɗaya na auna yadda jikin motar ke juyawa a zahiri. In ka nufi dama, motar kuma ta miƙe ko bayanta ya fara wulwulawa, sai kwamfutar ta taka wa taya ɗaya tak birki, ta rage wa inji ƙarfi, ta dawo da motar kan layi. Alamarsa a gaban direba hoton mota ne da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta. In ka ga tana ƙyaftawa kana cikin tafiya, motar ce ke gaya maka ƙasa ta fara ƙwacewa, ka sassauta totur.

Abin da ya yaɗa ESP shi ne wani gwaji da 'yan jaridar motoci suka yi a ƙasar Suwidin a 1997, inda sabuwar Marsandi A-Class ta kife wajen kauce wa abu bagatatan. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya gyara, ya sa ESP a kowace ɗaya. Daga baya cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta gano cewa na'urar na rage haɗarin mutuwa a irin hatsarin da mota ke ƙwacewa ita kaɗai da kusan rabi. Amurka ta wajabta ta a kan ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a kan kowace sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Ke nan in motarka 'yar waɗannan shekaru ce daga can, da na'urar ta fito daga masana'anta.

Masu saurare, masu gani, masu ba da labari

ABS da ESP sai ƙasa ta fara ƙwacewa suke motsawa. Burin injiniyoyi yanzu shi ne mota ta san santsi tun kafin a taka birki. Abin na da wuya, domin iyakar riƙon ƙasa ba ya bayyana sosai sai an matsa wa taya, kamar yadda ba ka sanin sulɓin daɓen banɗaki sai ka aza ƙafa. Hanyoyi huɗu suka fi bi.

Ta farko lissafi ce zalla, ba a ƙara ko waya ɗaya. Tayoyin da inji ke ja kullum suna ɗan fin sauran gudu kaɗan, abin da direba ba ya ji. A kan ƙasa mai santsi wannan bambanci yakan ƙaru ko da totur bai canja ba. Kamfanin NIRA Dynamics da ke Linkoping a Suwidin ya ƙware wajen auna riƙon hanya ta haka, daga sensar ABS ɗin da ke jikin motar tun asali, kuma motocin Audi na amfani da aikinsa.

Ta biyu saurare ce. Porsche 911 da aka fito da ita a ƙarshen 2018 tana da sensa a cikin rumfar tayoyin gaba, mai jin ƙarar feshin ruwan da taya ke watsawa. Da ta ji, sai ta shirya birki da ESP don jiƙaƙƙiyar hanya, ta kuma shawarci direba ya koma tsarin tuƙin ruwa. Wannan ya bambanta da sensar gilashin gaba mai kunna waifa, wadda ruwan sama kawai take gani. Ta cikin rumfar taya tana gane jiƙar hanya ko bayan an ɗauke ruwa.

Ta uku a cikin tayar kanta take. Bridgestone na Japan ya manna wata 'yar na'ura a cikin taya, mai jin girgizar roba duk lokacin da ta taɓa ƙasa, ta rarrabe yanayi bakwai, daga busasshiyar hanya zuwa ƙanƙara. Tun wajen 2015 masu kula da manyan hanyoyin tsibirin Hokkaido ke amfani da ita don sanin inda za su watsa gishirin narkar da ƙanƙara.

Ta huɗu haske ce. Kamfanoni irin su Vaisala na ƙasar Finlan suna ƙera na'urar da ke haska titi da hasken da ido ba ya gani, ta auna abin da ya dawo. Ruwa da ƙanƙara ba iri ɗaya suke shanye wannan haske ba, don haka na'urar na iya faɗin abin da ke kan kwalta da kaurinsa. An fi ɗaura ta a motocin share dusar ƙanƙara da kan turakun gefen hanya.

Sannan akwai ba da labari. Tun 2016 motocin Volvo a Suwidin da Norway ke aika saƙo ta intanet idan ɗaya ta ci karo da santsi, sai na bayanta su ga gargaɗi kafin su iso wurin. A 2019 aka faɗaɗa tsarin zuwa sauran Turai. Direbobinmu sun daɗe suna yin irin wannan da hannu, da fitila, da ganyen da ake jerawa a kan titi, yanzu kuma da saƙon murya a WhatsApp.

Santsinmu ba irin nasu ba ne

Mai karatu zai lura yawancin waɗannan ƙasashen sanyi ne suka ƙirƙiro su, don ƙanƙara ce abokiyar gabarsu. Motar da aka sauke a Kwatano ba za ta samu gargaɗin intanet a hanyar Tamale ba, domin tsarin na buƙatar ɗimbin motoci irinta da ke haɗe da juna a wuri guda. Abin da ke biyo mota duk inda ta je shi ne sensar ƙafa huɗu da ABS da ESP. Su ne rabonmu, kuma ga irin wuraren da ake neman su.

Na ɗaya, ruwan farko. Wata da watanni ƙura, baƙin mai, gas ɗin da ke ɗiga daga tankokin manyan motoci da garin roba suna taruwa a kan kwalta. Yayyafin farko ba ya wanke su, kwaɓa su yake yi. Shi ya sa mintunan farko na ruwa bayan dogon rani sun fi tsakiyar marka haɗari. A kudancin Gana da Togo damina biyu ce, babba daga wajen Afrilu, ƙarama daga wajen Satumba, don haka sau biyu ake shiga wannan tarko a shekara.

Na biyu, ruwan da ya kwanta. Aikin zanen taya shi ne kore ruwa daga ƙarƙashinta. Kamfanin Continental ya ce sabuwar taya na iya kore har lita 30 a daƙiƙa ɗaya a gudun kilomita 80. In zanen ya suɗe ko gudu ya yi yawa, ruwan ba ya samun mafita, sai taya ta hau kansa kamar kwalekwale. Sitiyari ya yi sakayau, inji ya ɗaga murya. A nan ba ABS ba ESP da zai yi wani abu, tunda taya ba ta taɓa ƙasa. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, har ta dawo ƙasa. Masu bin hanyar Duwala a watannin Yuli zuwa Satumba sun san wannan.

Na uku, jar ƙasa da laka. Hanyar burji in ta sha ruwa samanta kan zama kamar sabulu. Baƙar ƙasar da ake noman masakwa a cikinta, wadda a arewacin Kamaru ake kira karal, ta fi ta muni: tana cika zanen taya har ta koma sumul. Ba banza ba hukumomin Kamaru ke sa shingen ruwa a hanyoyin ƙasa, su tsare manyan motoci har hanya ta sha iska. Haka lakar da motocin gona ke kwasowa su zubar a kan kwalta, da rairayin da iska ke shimfiɗawa a kan kwana a ƙasashen Sahel.

A nan akwai abin da ya kamata a sani. A kan tsakuwa da yashi, ABS kan ƙara nisan tsayawa, domin tayar da ta ƙame takan tara ƙasa a gabanta ta zama waigi, shi kuwa ABS ba ya bari ta ƙame. Abin da yake ba ka a madadin haka shi ne ikon sitiyari. Wasu direbobi sun lura da wannan, shi ya sa suke cire fis ɗin gaba ɗaya. Amma wanda ya cire don kilomita talatin na burji, da haka zai hau kilomita ɗari biyar na jiƙaƙƙiyar kwalta. Maganin burji shi ne rage gudu da ba da tazara. Masu ƙera motoci ma sun san da zancen: Land Cruiser samfurin 200 da ta fito a 2007 tana da ABS mai gane tsakuwa da yashi, wasu manyan motocin Turai kuma suna da maɓallin da ke sauya aikinsa don hanyar daji. Haka in mota ta kafe a yashi ko taɓo, ana iya kashe na'urar hana taya wulwulawa don a fita, amma a mayar da ita da an hau hanya.

Tirela da gangara

Ga masu manyan motoci, DAF ce, MAN ce ko Actros, akwai ƙarin magana. Kan mota na da nasa ABS, bodi na da nasa, kuma wata waya ta musamman ce ke haɗa su, daban da ta fitilu. In ba a jona ta ba, ko an sayi bodi an yanke wayoyinsa, to tayoyin baya ba mai lura da su. Bodin da ba kaya ya fi saurin ƙamewa, don ba nauyin da ke danne shi. In tayoyin ja na kan mota suka ƙame, bodi kan turo shi gefe, su naɗe kamar askar wanzami.

Birkin inji da ritada suna ceton rai a dogayen gangara irin ta arewa da Ngaundere a hanyar Garwa, ko tsaunukan Aledjo da Defale a Togo, domin suna hana birkin ƙafa yin zafi. Amma tayoyin ja kaɗai suke riƙewa. A kan santsi, musamman ba lodi, suna iya sa waɗannan tayoyi su zame. A motar da sensarta ke da lafiya, ABS na kashe ritada da kansa da ya ji haka. A wadda aka cire wa, sai dai gwanintar direba. Giyar da za a sauka da ita tun a saman gangara ake zaɓenta.

Sai obalodi. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade tan 12 a kan gatari ɗaya mai tayoyi biyu-biyu. Kowane buhu da aka ɗora bayan ƙa'ida zafi ne ake ƙara wa birki da taya, kuma kayan da aka tula sama suna ɗaga nauyin mota, su sa ta saurin kifewa a kwana. Babu kwamfutar da ke sauke buhu.

Abin da ke kashe sensa

Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma, 40 cikin ɗari. Da yawa da na'urorinsu lafiya suke isowa, a hannunmu suke mutuwa, kuma yawanci dalilin ƙarami ne.

Wayar sensa siririya ce, tana bin bayan ƙafa, dutse ko kara na iya tsinka ta, ko yaron gareji ya bar ta tana lilo bayan canja shokozoba. Laka da garin ƙarfe kan toshe bakin sensar. Bayarin mai maganaɗisu gefe ɗaya ne ke da zoben, in aka juya shi wajen sawa fitila za ta kama nan take, haka in aka sa wanda ba shi da zoben sam don ya fi araha. Tayoyi masu girma daban-daban a mota ɗaya suna rikita lissafin kwamfuta, ta ɗauka wata na zamewa. Walda a jikin mota ba tare da cire batir ba na iya ƙona kwamfutar. Bayan an yi alaimen ko an taɓa sitiyari, wasu motocin na buƙatar a sake saita sensarsa da kwamfuta.

A Suame Magazine ta Kumasi, Abossey Okai ta Akara, Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa ta Kano ana samun waɗannan sensa, sababbi da na gwanjo, kuma sau da yawa kuɗin ɗaya bai kai na sabuwar taya ba. A nemi mai na'urar da ke karanta ɓangaren birki, don ƙananan na'urorin nan masu araha yawanci inji kaɗai suke karantawa. Ita za ta faɗi ƙafar da ke da matsala, ba sai an yi ta canje-canje a makance ba.

In za ka sayi mota, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Dole fitilar ABS da ta ESP su kama. Tayar da inji, dole su mutu cikin 'yan daƙiƙu, kuma kada su dawo bayan ka ɗan yi tafiya. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta. In kuwa jar fitilar birki da ta ABS suka kama tare alhali ka sauke birkin hannu, kada a ɗau hanya sai an duba.

Taya ce ke da magana ta ƙarshe

Duk waɗannan na'urori ba sa ƙara riƙon ƙasa ko kaɗan, wanda ke akwai suke tattalawa. Mai samar da riƙon ita ce taya. Mafi ƙarancin zurfin zane da dokar Turai ta yarda da shi ga ƙananan motoci milimita 1.6 ne, kuma akwai 'yan tudu a cikin kwarin zanen da ke nuna wannan iyaka. In sun yi daidai da saman taya, ta gama aiki. Don damina, gara a canja tun tana wajen milimita 3.

Duba gefen taya inda aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba na bushewa da shekaru ko da zanenta na nan. Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta kai biyar, a sauke ta in ta kai goma. A cikin tayoyin gwanjo akwai masu hoton tsauni mai kai uku da tauraron ƙanƙara a ciki. Na hunturun Turai ne, an yi robarsu don sanyin da ya gaza digiri 7. A kwaltar Marwa ko Yamai suna laushi, su cinye da wuri, su ƙara nisan tsayawa. Tayoyin kasuwar Amurka kuma suna da kalmar Traction da harafi a gabanta, AA, A, B ko C, wanda ke nuna yadda take tsayawa a jiƙaƙƙiyar hanya. AA ce ta fi. Iska kuma da gejin mai faci ake aunawa da safe kafin taya ta yi zafi, ba da dukan ƙarfe ba. In biyu kawai za ka iya saye, masu ƙera taya sun ce a sa sababbin a baya, don bayan mota in ya ƙwace ya fi wuyar dawowa.

Rabon mai kaya da na mutanen gida

Ba direba kaɗai ke taka totur ba. Alhajin da ke bugo waya kowace awa yana tambayar "kun kai ina?" saboda yana son albasarsa ta riski kasuwar Adjen Kotoku kafin farashi ya faɗi, shi ma ƙafarsa na kai. In ka ba da mota, ka sa lokacin ruwa cikin lissafinka. Ka gaya wa direba da bakinka cewa in hadari ya sauko ya samu wuri ya tsaya, ba za ka cire masa ko dala ba. Kwana ɗaya na jinkiri ragin riba ne, mota a cikin rami kuwa jari ne gaba ɗaya, ban da rai. In ya ce fitila ta kama, kada ka ce "a lallaɓa a dawo." Ba a fafe gora ranar tafiya.

Uwargida, ke ma kina da ta cewa. In za a tafi gida biki ko Sallah da yara, ba laifi ki leƙa gaban direba lokacin da ya tayar da mota, ki tambayi fitilar da ta ƙi mutuwa. Ki tabbatar kowa ya ɗaura bel, na baya ma. In maigida na kan hanya ana ruwa, a bar kiran waya sai ya tsaya ya kira da kansa. Matasan gida da suka fara koyon tuƙi kuma, a kai su fili mai faɗi da ba kowa, a ƙaramin gudu su taka birki da ƙarfi su ji karkarwar ABS sau ɗaya, don kada ranar da ta zo musu a kan titi tsoro ya sa su ɗaga ƙafa.

Kafin hadarin bana ya haɗu, a ware rabin yini a kai mota gareji: a wanke bayan ƙafafu, a duba wayoyin sensa huɗu, a karanta shekarun taya, a jona wayar bodi. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.